Ba a Danna Ƙararrawa a Gidan Makoki

Ku yi haƙuri da shiruna na kwanakin nan. Masu turo saƙo suna tambayar ko Glenn ne ya sace ni, bai sace ni ba, Kaka ce ta rasu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni kuwa, sunana Bronagh, shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a wani kantin magani a arewacin Belfast, kuma ina son yaron da bai kamata in so ba. Mu Katolika ne, su Furotesta. Daga bayan gidanmu zuwa layinsu Glenn, in da za a bi ta miƙe, ko shayi ba zai huce ba ka isa. Amma akwai katangar nan mai tsayin bene a tsakani, da ƙofar ƙarfe da ake rufewa da yamma, don haka sai ya zagaya rabin gari kafin ya zo. Ba gida ma yake zuwa ba. A bakin kantin soyayyen kifi yake ajiye motarsa, ni kuma in ce wa Mama zan je wurin ƙawata. Haka muka yi shekara guda.

Mu uku ne a gidan, ni da Mama da Kaka Rosaleen, mahaifiyarta. Babana ya tafi Liverpool neman aiki tun ina 'yar ƙarama, har yau yana nema. Yayana yana Ostireliya, yakan kira ranar Kirsimeti ya nuna mana bakin teku. Gidanmu gida ne da ake jin ƙarar firij. Mama ta dawo daga aikin wankin asibiti ta dafa dankali, a ci, a wanke kwano, kowa ya kama gabansa. In kun ji murya ta tashi, to Inna Concepta ce, yayar Mama, ta shigo da jan jambakinta da labarin wanda ya mutu da wanda ya kusa.

Abu ɗaya ne yake tara mu a falo, wasan barkwancin nan na yammacin Talata. Labarin wasu mata biyu ne a zamanin rikicin Katolika da Furotesta, Bernie da Hazel, ɗaya tamu ɗaya tasu, katanga ta raba bayan gidajensu. Ta saman katangar suke jefa wa juna baƙar magana da aron sukari. Ni a shekarar da aka yi sulhu aka haife ni. A makaranta an koya mana sarakunan da suka mutu tun kafin a ƙirƙiro keke, amma abin da ya faru a layinmu ba wanda ya taɓa buɗe baki a kai. A gida kuwa in ka yi tambaya sai a ce ka ɗora buta. Daga wasan nan na san dalilin da Kaka, har ta tsufa, in za ta shiga babban kanti sai ta buɗe jakarta tun daga ƙofa tana neman wanda zai duba. Daga shi na san me ya sa murfin tsohon kwandon shararmu na ƙarfe duk ya lotse, ashe da shi mata suke buga ƙasa in sojoji sun shigo unguwa. Na riƙa ji kamar an ba ni makullin gidanmu ne bayan na daɗe ina zaune a cikinsa.

A saman talabijin ɗin akwai hoton Kawu Malachy, yayan Mama, da dogon gashi da riga mai faffaɗan wuya, jar fitila tana ci a ƙarƙashinsa dare da rana. "Ya rasu lokacin rikici." Iyakar abin da na sani kenan, kuma ban taɓa matsa wa kowa ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne dariyar Mama. Matar da ko a biki sai dai ta ɗan motsa leɓe, in Bernie ta fara masifa sai ka ga tana riƙe ciki tana share hawaye da gefen rigarta. Kaka tana gefe tana dukan hannun kujera tana cewa, "Wannan ai Concepta ce sak, har bakin!" Sai na ce a raina, wanda yake dariya da abu haka ai ya huce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, jama'a.

Shi ma Glenn yana kallo a gidansu tare da babansa. Wayata a ƙarƙashin matashin kujera, muna ta musayar saƙo.

"Da gaske kuna yayyafa wa sabuwar mota ruwan coci?"

"Har da tsohuwa. Ku da gaske ba kwa shanya wanki ranar Lahadi?"

"Kakata ko lilo ba ta bari mu hau. Wai Allah yana hutawa, kada mu dame shi."

"Shi ya sa duk kuke da doguwar fuska."

"Ke da kika ce fuskata ce ta sa kika ba ni maganin tari kyauta?"

Wata Talatar aka nuna mijin Hazel ya je zaman makokin surukin Bernie. Ya zauna a kan hular Fada, limamin coci, ya kwankwaɗi ruwan albarka yana zaton na sha ne, ya durƙusa lokacin da kowa ya miƙe. A ƙarshe tsofaffi suka zaunar da shi a tsakiyarsu suna tsiyaya masa giya, har ya yi waƙa. Ranar Mama sai da ta fita tsakar gida don numfashi. Glenn ya turo mini, "Kin gani? Ni ma haka za su karɓe ni." Na mayar masa da fuskar dariya guda uku. Da na san inda maganar za ta kai mu da ban tura ba.

Inna Concepta kuwa tana da nata shirin. Fintan, ɗan ƙawarta, malamin firamare, mai buga ƙwallon gargajiyarmu, mai kai uwarsa coci.

"Bronagh, yaron nan ya sake tambayarki."

"Inna, ki ce ina gaishe shi."

"Gaisuwa ake aure? Dubi ƙafafunki kamar sandar shara, kina jiran wa? Ɗan sarkin Ingila?"

"Concepta, bar yarinya ta ci abinci," in ji Mama. Amma da Inna ta tafi sai ta ce, tana goge tebur ba ta kalle ni ba, "Mun san uwarsa, mun san kakarsa. Ba ƙaramin abu ba ne a san mutum."

Kaka ta rasu a kujerarta da safe, shayinta a gefe ko rabi ba ta sha ba. Allah ya ji ƙanta. Kafin la'asar gidan ya zama ba namu ba. Matan layi suka shigo suka rufe madubi da mayafi, suka tsayar da agogon bango, suka buɗe taga. Maza biyu suka ɗauke talabijin suka kai ɗakina. Aka kawo Kaka a akwatinta aka ajiye a falo, da shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, carbi a naɗe a yatsunta. An aro manyan butoci daga zauren coci. Ni da 'ya'yan Inna muka yi ta yanka biredi, mai ƙwai da albasa, mai nama, har wuƙa ta yi mini kanta. Na sa baƙar rigar da na saya don neman aiki, ta matse ni a hammata, da takalmin Mama mai faɗi.

Ana ruwa, don haka aka turo ƙofar gida aka bar makulli a jiki daga waje. Mai zuwa ya murɗa ya shigo, ya kama hannun Mama ya yi mata gaisuwa, ya wuce falo ya durƙusa gaban Kaka, ya yi alamar gicciye, ya ajiye katin addu'ar da Fada ya sa wa hannu a cikin akwatin, sannan a danƙa masa kofi ko yana so ko ba ya so. Daga nan sai hira da tsiya. Wani tsoho ya leƙa akwatin ya ce tun da yake bai taɓa ganin bakin Rosaleen a rufe ba sai yau, aka kwashe da dariya. Gida cike maƙil, amma ni ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Mutum ɗaya nake so ya riƙe hannuna, shi kuma ko sunansa ba a sani ba a gidan.

A banɗaki na rubuta masa, "Kada ka zo."

"Kakarki ce fa."

"Glenn, don Allah. Ba yau ba."

"In ban zo yau ba yaushe zan zo? Ba zan zauna a kan hular kowa ba, na yi alkawari."

Na jefa wayar a aljihu, wani ya buga ƙofa yana cewa madara ta ƙare.

Washegari da yamma, mutane sun taso daga aiki, gida ya fi kowane lokaci cika. Na hau sama in ajiye rigunan ruwan baƙi a kan gado. Ban gama ajiyewa ba, ina tsaye a saman matakala, sai aka danna ƙararrawa.

Ku gane, ƙararrawarmu lafiyarta ƙalau. Masu kawo kaya sukan danna, kullum ni nake tashi in buɗe, kuma ban taɓa lura ba cewa Mama ba ta taɓa tashi ba ko sau ɗaya. Amma a gidan makoki ba a dannawa. Ko yaron goye a unguwarmu ya san wannan. Duk wanda ya ga makulli a jikin ƙofa ya tsaya yana danna ƙararrawa, ya faɗa wa kowa daga wane gefen katanga ya fito tun kafin a ga fuskarsa.

Gidan ya yi tsit. Na ji cokali ya faɗi a kicin. Mama ce a bakin ƙofa, don a nan take tsaye tana karɓar gaisuwa. Na ga hannunta ya tafi a hankali ya murɗa.

Glenn ne. Kwat mai ruwan toka, an goge ta har tana ƙyalli, takalmi fes, gashin nan an kwantar da shi. A hannunsa ƙaton ƙunshin fararen furanni, irin yadda su suke kaiwa. Ya ɗan rusuna, ya gyara murya, ya yi magana da duk ladabin da uwarsa ta koya masa.

"Barka da yamma. Don Allah, Bronagh McAreavey tana ciki?"

Ban ga fuskar Mama ba, bayanta kawai na gani. Ta miƙa hannu ɗaya ta dafe bango, ta tare hanyar matakala. Muryar da ta fito ba tata ba ce, siririya ce kamar ta yarinya.

"Babu mai wannan sunan a gidan nan."

Ya ɗaga kai. Ya gan ni. Ido cikin ido, ina tsaye a sama riƙe da rigar ruwan wani. Abin da kawai ya rage in yi shi ne in ce, Mama, baƙona ne. Bakina ya ƙi buɗuwa. Mama ta tura ƙofar ta rufe, ta jingina bayanta da ita.

Inna Concepta ce ta fito ta kama Mama, tana kiran ta da sunanta. "Zo nan, Phil. Zo ki zauna. Ba komai, ba kowa ba ne." Ta danƙa ta a hannun wata maƙwabciya, sannan ta ɗago ta dube ni. Ba masifa a fuskarta, abin da ya fi ba ni tsoro kenan.

"Naki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Sunansa?"

"Glenn. Glenn Cathcart."

Ta rufe ido. "Uwar Allah, ki taimake mu. Duk samarin garin nan, sai na bayan katanga. Je ki sallame shi, ta ƙofar baya. Kuma ki goge fuskarki kafin ki dawo, mutane suna kallo."

Na bi ta lungun baya cikin ruwa, takalmin Mama yana fita daga ƙafata. Na same shi a jikin motarsa a ƙarshen layi, furannin a kan murfin mota ruwa yana dukansu.

"Na ce kada ka zo!"

"Kin ce."

"Kuma ka danna ƙararrawa! Ba ka ga makulli ba?"

"Na gani. Na ɗauka wani ne ya manta. Haka kawai zan faɗa gidan mutane ana makoki? A wurinmu sai an ce ka shigo." Ya share ruwa daga fuskarsa. "Ba wannan ne ya dame ni ba, Bronagh. Mamanki ba ta san ni ba, tana da uzuri. Ke na gan ki."

Na fara kame-kame, wai mutane, wai Kaka, wai ba lokaci ba ne.

"Babana ya sani," ya ce. "Tun watan jiya na faɗa masa. Kwana biyu bai yi mini magana ba, a na uku ya tambaya ko kina cin nama ranar Juma'a don ya san abin da zai dafa. Ni na gaji da bakin kantin kifi. Warinsa ya kama kujerun motata."

"To me kake so in yi?"

"Ranar Talata, in wasan ya ƙare, zan tsaya a ƙofar gidanku. Ba zan danna komai ba, na koyi darasi. In kin fito ta ƙofar gaba, mamanki tana sane, shi kenan. In ba ki fito ba, ba zan yi fushi ba, amma ba zan sake dawowa ba. Ba zan iya zama mutumin da babu shi ba."

Ya miƙo mini furannin. Na shigo da su ta baya na cusa a bokitin shara na tsakar gida, don ban san inda zan kai su ba.

An binne Kaka da safe. Maza suka riƙa karɓar akwatin a kafaɗa daga gida har coci, Fintan yana cikinsu, Inna ta tabbatar na gani. Daga baya kowa ya watse. Aka mayar da butoci, aka cire mayafi daga madubi, aka tayar da agogo. Kujerar Kaka tana nan da ramin zamanta, ba mai hawa. Ni da Mama muka koma kamar baƙi a masauki. "Ga abincinki." "Na gode." "Zan kwanta." "To." Ba ta tambaye ni ba, ban faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi, don a gidanmu wanda ake zagi shi ne na gida. Na kwanta a ɗakina, talabijin a ƙasa kusa da gado wayarsa a naɗe, ina duba wayata. Glenn bai turo komai ba. Na rubuta masa saƙo na goge ya fi a ƙirga. Na kira yayana, ya ce yana wurin aiki zai kira, bai kira ba.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar Mama ta sauko da talabijin da kanta. Furannin Glenn kuma suna kan tebur a cikin tulun gilashin Kaka, an yanke waɗanda suka lalace.

"Zauna," ta ce. "Kakarki ba za ta yafe mana ba in muka bari ya wuce."

Na zauna da kayan aikina a jiki. Rana ba ta faɗi ba, irin yammacin bazarar nan mai tsawo, yara suna buga ƙwallo a jikin bango. Wasan ya fara. Bernie ta ɓoye kazar Hazel a cikin keken jariri tana ƙoƙarin wucewa da ita ta shingen sojoji. Mutanen cikin talabijin suna ta dariya, mu ko tari. Can Mama ta ɗauki abin latsawa ta rage murya, idonta a kan allon.

"Shekarata goma sha uku," ta ce. "Kakarki ta tafi coci, Concepta tana wurin saurayi. Ina zaune a nan, daidai inda kike, ina kallon wani wasan ban dariya. Aka danna ƙararrawa."

Na juyo na dube ta.

"Mutum ɗaya ne. Kwat mai kyau, takalmi a goge, da wani ƙunshi a hammata. Ya ce, barka da yamma 'yan mata, don Allah Malachy Toner yana ciki? Ba wanda ya taɓa ce mini 'yan mata. Na ji daɗi, Bronagh. Har na gyara gashina. Na juya na ƙwala kira, Malachy, sauko, ana nemanka! Ya sauko da safa a ƙafa ɗaya, yana tauna biredi. Ni kuma na ruga na dawo nan, don kada wasan ya wuce ni."

"Mama..."

"Da na ji ƙarar harbin farko na toshe kunnuwana. Haka maƙwabta suka same ni. Sai da mata biyu suka ɓamɓare hannuwana."

Na dubi hoton a saman talabijin. Duk rayuwata ina goge masa ƙura.

"Me ya yi musu?"

"Me zai yi? Koyon aikin kafinta yake, shi kaɗai ne Katolika a shagon. Shi kenan." Ta shafa gwiwarta. "Kakarki ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba laifina ba ne. Shekara arba'in muna zaune a falon nan ina jira ta faɗi ɗaya. Ga shi ta tafi da abinta."

Na matsa zan riƙe ta, ta ɗaga hannu alamar in tsaya. Hawaye nake yi, ita ko ɗigo.

"To ta yaya kike dariya da wannan?" na ce, ina nuna allon. "Ni na ɗauka kin huce. Na ɗauka kowa ya huce."

"A ciki kowa yana dawowa sati mai zuwa," ta ce. "Shi ya sa nake so."

A allon kazar ta tsere, soja yana bin ta.

"Yaron nan bai yi mini komai ba," ta ce. "Na sani. Ko haihuwarsa ba a yi ba. Concepta ta ce mai gyaran motocin bas ne, ta riga ta binciko har sunan karen gidansu. Furanninsa ma masu tsada ne, ke kuma sakarya kika zuba a shara. Amma ki ji ni da kyau. Da bakina ba zan kira ki ki sauko masa ba. Ba yau ba, ba gobe ba, ba ranar aurenku ba. In za ki je, ki buɗe ƙofar da hannunki."

"Zai zo yau, Mama. In wasan ya ƙare."

"Na sani. Tun da kika shigo kike kallon taga."

"In na je fa?"

"Sai ki je. Ni ina nan. Ina zan je?"

"Za ki iya zama da shi a tebur ɗaya? Ko wata rana?"

"Kada ki tambaye ni abin da ban sani ba."

Kiɗan ƙarshen wasan ya tashi. Wayata ta yi motsi a aljihu. Kalma biyu ce kawai: "Ina waje."

Ku da kuke rubuto mini kuna cewa in bi zuciyata, ina ma ku gaya mini wacce. Ina son Glenn, ina sonsa har ina jin ciwo a ƙirji. Na kuma dubi Mama, ƙaramar mace cikin rigar sanyi mai ruwan ƙasa, ga kujerar Kaka babu kowa a gefenta, in na fita daga ita sai firij. Na tashi. Na cire rigar aiki na rataye, na ɗaure gashina, na sa takalmi. Ba ta juyo ba.

Na murɗa ƙofar da hannuna.

Motarsa tana tsallaken titi, daidai ƙofarmu, a idon duk labulen layin. Ba kwat yau, tsohuwar rigarsa ce mai tabon mai. Da ya gan ni sai ya saki numfashi ya kifa goshinsa a kan sitiyari, sannan ya ɗago yana murmushi. Na sauka daga dakali. Yaran suka tsayar da ƙwallo. Na kai tsakiyar titi sai na ga murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Na waiwaya. Ashe ban ja ƙofar ba.

Mama ta biyo ni har gindin matakala. Tana tsaye a cikin siririn zauren, idonta a runtse, kafaɗunta a ɗage, tafin hannuwanta biyu a manne da kunnuwanta. Jira take.

Glenn ya miƙa hannu a hankali ya buɗe mini ƙofar mota. Ni kuma ina tsakiyar titi, na kasa ɗaga ƙafa.